Muhammadu Bello (Sarkin Musulmi)

Muhammadu Bello ɗan Shehu Usmanu ɗan Fodiyo (an haife shi a shekarar 1781, ya rasu a watan Oktoba na 1837) malami ne, jagoran yaƙi kuma marubuci, wanda ya riƙe sarautar Sarkin Musulmi a Sakkwato daga 1817 har zuwa rasuwarsa. An fi saninsa da gina garin Sakkwato da kuma littafinsa na tarihi, Infaƙul Maisuri. Littattafan da ya wallafa da Larabci sun haura ɗari, a cikinsu akwai wani rukuni da ya keɓe wa ilimin magani, har da abin da ya rubuta musamman a kan ciwon ido. Wannan ne ya sa masu binciken tarihin likitanci a ƙasar Hausa suke sanya shi a sahun gaba.

Tasowa da karatu

Sunan mahaifiyarsa Hauwa'u. Ya tashi a Ɗagel, cikin ƙasar Gobir, inda mahaifinsa yake da makaranta da jama'a. Ya yi karatu a wajen Shehu, da wajen baffansa Abdullahi ɗan Fodiyo, da yayansa Muhammadu Sa'adu. Ya karanta nahawu, fiƙihu, tafsiri, hadisi da tasawwufi kamar sauran 'ya'yan gidan. A tsarin karatun zaure na wancan zamani magani ba fanni ne da ake zuwa wata makaranta ta daban a koya ba. Ɗalibi yakan ci karo da shi a babukan hadisi da littattafan tarihin Annabi (SAW), wanda kuma Allah ya sa wa sha'awa sai ya nemi ƙari da kansa.

Jihadi da sarauta

Yana ɗan shekara 22 jama'ar Shehu suka yi hijira daga Ɗagel zuwa Gudu a watan Fabrairu na 1804. Ya halarci yaƙe-yaƙe da dama, kuma shi ya jagoranci rundunar da ta ci Alƙalawa, babban birnin Gobir, a 1808, inda aka kashe Sarkin Gobir Yunfa. A 1809 ya fara gina Sakkwato. Da Shehu ya raba kula da ƙasa a 1812, ya ba Abdullahi yamma, ya ba Bello gabas, ɓangaren da ya haɗa da Kano, Katsina, Zazzau da Daura. A wannan shekarar ya kammala Infaƙul Maisuri.

Bayan rasuwar Shehu a watan Afrilu na 1817 aka yi masa mubaya'a. Shekarun farko sun zo da wuya: Abdussalami ya yi tawaye, Gobirawa da Kabawa da Zamfarawa kuma ba su ajiye makami ba. A Kano, bayan rasuwar Sarki Sulaimanu a 1819, Bello ne ya tabbatar da Ibrahim Dabo a kan gadon sarauta, zuriyar da take riƙe da sarautar Kano har yau. Wazirinsa shi ne Giɗaɗo ɗan Laima, mijin ƙanwarsa Nana Asma'u.

Makanta a birnin Kano a zamaninsa

Bayani mafi fitowa fili game da yawan ciwon ido a daular ya zo ne daga Kano. Baturen Ingila Hugh Clapperton ya shiga birnin a watan Janairu na 1824, 'yan kwanaki bayan abokin tafiyarsa, likita Walter Oudney, ya rasu a hanya kusa da Katagum. Ya ƙiyasta mazauna birnin tsakanin 30,000 zuwa 40,000. Ya rubuta cewa makanta ta yi yawa, kuma a cikin ganuwa akwai unguwa guda ta makafi, mai tsabta da ɗakuna ginannu da kyau. Sarki yana ba su wani kaso, suna kuma fita bara a kasuwa da lunguna. In ban da bayinsu ba a barin mai ido ya zauna a unguwar, sai dai jefi-jefi a karɓi mai ido ɗaya. Sarautar Sarkin Makafi tana nan a Kano har yanzu.

Abubuwan da suke makantar da mutane a wannan yanki sanannu ne a yau. Amodari yana yaɗuwa inda ruwan wanke fuska ya yi ƙaranci kuma ƙudaje suka yi yawa. Idan ya yi ta dawowa sai fatar ido ta yi tabo daga ciki, gashin ido ya lanƙwashe yana gogar ƙwayar idon har ta yi fari. Ƙyanda tana barin hakiya a idon yara, haka ma agana take yi a da kafin a kawar da ita, yana kuma tana rufe idon tsofaffi. Ga ƙurar hunturu da hayaƙin murhu a ɗaki maras taga. Mai mulkin irin wannan ƙasa, in dai yana da ido a kan talakawansa, ba abin mamaki ba ne ya ɗauki alƙalami a kan ciwon ido.

Rubuce-rubucensa kan magani

Littattafan Bello na magani sun kasu gida biyu. Akwai na gaba ɗaya, waɗanda suka bi tsarin maganin Annabi, irin su Almawaridun Nabawiyya fil Masa'ilid Ɗibbiyya, da Ujalatur Rakibi fiɗ Ɗibbis Sa'ibi, da Talkhisul Maƙasidil Mujarrada fil Adwiyatil Farida. Irin wannan fanni ya daɗe a ƙasashen Musulmi, kuma yakan tattara hadisai da bayanan malamai a kan zuma, habbatus sauda, ƙaho, tozali da addu'o'i. A nan ne mai karatu yake samun abin da likitocin yau suke kira cututtukan ƙwaƙwalwa da jijiyoyi, domin littattafan fannin sukan ware babi ga ciwon kai da ciwon ɓarin kai da farfaɗiya. Ibnul Ƙayyim, wanda ya rasu a Dimashƙa a 1350, ya raba farfaɗiya biyu, wadda ya danganta ga aljannu da wadda ya danganta ga gurɓacewar ruwayen jiki.

Rukuni na biyu ya fi ban sha'awa, domin kowane littafi cuta ɗaya ko magani ɗaya ya ɗauka. Alƙaulul Mansuri yana magana a kan basir da magungunansa. Tanbihul Ikhwani ala Adwiyatid Didani a kan tsutsar ciki yake. Alƙaulus Sana bayani ne a kan filasko da yadda ake wanke ciki da shi, tsiron da yake fitowa da kansa a dajin ƙasar Hausa. Ya kuma yi wata risala a kan ciwon ƙoda. Duk cututtuka ne na yau da kullum da suke damun manomi da mahayin doki da malamin da yake wuni a zaune a kan buzu.

A kan ido, littafinsa da aka fi ambata shi ne Masugul Lujaini, wanda ake kira Ɗibbul Aini, wato maganin ido. Ma'anar sunan farko ƙerarriyar azurfa, bisa al'adar malaman Larabci ta sanya wa littafi suna mai ƙafiya. Da wannan littafi Bello ya shiga wani fanni mai tsohon tarihi. Tun a ƙarni na 9 Hunainu ɗan Is'haƙu ya rubuta maƙaloli goma a kan ido a Bagadaza, inda ya bi Jalinusu wajen bayyana cewa akwai jijiya da ta taso daga ƙwaƙwalwa ta shiga ido, kuma ta nan gani yake bi. Bayansa Aliyu ɗan Isa ya rubuta Tazkiratul Kahhalina. Kalmar kahhal da Larabawa suke kiran likitan ido da ita daga kuhlu ta fito, wato kwalli, wanda har yau ake sanya wa jarirai a gidajen Hausawa.

Dole a auna aikin da ma'aunin zamaninsa. Ilimin da ake da shi a lokacin yana fassara cuta ne da zafi da sanyi da danshi da bushewa. Madubin da likita yake leƙa cikin ido da shi, Hermann von Helmholtz ya fito da shi ne a Jamus a 1851, shekara 14 bayan rasuwar Bello, ƙwayar cutar amodari kuwa sai a 1957 aka iya ware ta a ɗakin bincike a birnin Beijing. Saboda haka darajar littattafan ba ta gano sababbin magunguna ba ce. Darajarsu ita ce mai mulki ya zauna ya tsamo abin da yake warwatse a manyan littattafai, ya taƙaita shi yadda malamin ƙauye zai iya kwafewa a 'yan waraƙoƙi kaɗan. Ismail Abdalla, a littafinsa na 1997 a kan Musulunci da magani a Arewacin Najeriya, ya nuna cewa shugabannin jihadi suna son samar wa jama'a abin da zai maye gurbin bori da bokaye. Sai dai da yake da Larabci aka rubuta su, marasa lafiya ba sa isa gare su sai ta hannun malamai, wanzamai da masu saiwoyi kuwa suka ci gaba da sana'arsu. Ba shi kaɗai ya yi rubutu a fannin ba: Abdullahi ɗan Fodiyo ya rubuta Masalihul Insani, Nana Asma'u kuma ta rubuta Tabshirul Ikhwani a kan neman waraka da surorin Alƙur'ani.

Ganawa da Clapperton

Clapperton ya isa Sakkwato a watan Maris na 1824. A cikin abubuwan da Bello ya nema daga Sarkin Ingila har da a aiko masa da likita wanda zai zauna a ƙasarsa. A lokacin wannan ziyara ce wani ɗan Waziri Giɗaɗo ya rasu da ciwon agana. Da Clapperton ya dawo a 1826 ya kawo kyautar littattafan Larabci, ciki har da na Ibnu Sina da littafin lissafi na Uƙlidisu. Bello ya shaida masa cewa gidansu sun taɓa mallakar Uƙlidisu da aka sayo a Makka, amma gobara ta cinye shi. Likitan da aka haɗo da tawagar, Dickson, ya bi ta Dahomi kuma bai taɓa isowa ba. Ziyarar ta biyu ta yi tsami saboda yaƙin da ake yi da Borno, Clapperton kuma ya rasu a Sakkwato a watan Afrilu na 1827.

Rasuwa da inda littattafan suke

A ƙarshen mulkinsa Bello ya fi zama a Wurno, ribaɗin da ya kafa arewa maso gabas da Sakkwato. A 1836 ya yi nasara a yaƙin Gawakuke a kan Gobirawa da mataimakansu. Ya rasu a Wurno a 1837, can kuma kabarinsa yake. Ƙanensa Abubakar Atiku ya gaje shi, daga bisani ɗansa Aliyu Babba ya hau a 1842. Giɗaɗo ya rubuta tarihin rayuwarsa a littafin Alkashfu wal Bayani.

Yawancin littattafansa na magani suna nan a rubutun hannu. Ana samun kofen littattafan Bello a Cibiyar Tarihi ta Waziri Junaidu a Sakkwato, da Ma'ajiyar Tarihi ta Ƙasa da Gidan Arewa a Kaduna, da ɗakunan karatu na jami'o'in Zariya, Kano da Ibadan. John Hunwick ya jera sunayensu da wuraren da suke a mujalladi na biyu na kundinsa na adabin Larabci na Afirka, wanda ya fito a 1995.