William Herschel: Makaɗin da ya gano Uranus da madubin da ya goge a gida

An haifi William Herschel a birnin Hanover na ƙasar Jamus ranar 15 ga Nuwamba, 1738. Ya gaji kiɗa daga mahaifinsa, mai busa a rundunar soja, kuma da wannan sana'a ya riƙe kansa bayan ya yi ƙaura zuwa Ingila a 1757. A 1766 ya samu aikin kiɗa a wata majami'a da ke garin Bath.

A can ne sha'awar ilimin taurari ta kama shi. Na'urorin hangen nesa da ake samu a lokacin ƙanana ne, ga tsada, don haka a 1773 ya fara haɗa tasa. Jigon na'urar shi ne madubi mai ɗan zurfi kamar faifai, wanda ke tattara hasken tauraro wuri guda. Jan ƙarfe da kuza yake narkawa, ya zuba a mazubin da ya yi da kashin doki, kusan yadda masu zubin tukwane ke yi a Panteka ta Kaduna, sannan ya yi ta gogewa da hannu. Kuskure kaɗan a zurfin madubin ya isa ya dusashe hoton. Ya taɓa shafe sa'a 16 bai ɗaga hannu daga gugar ba, ƙanwarsa Caroline tana ba shi abinci a baki.

A daren 13 ga Maris, 1781, a lambun bayan gidansa, ya hango wani abu da ya zaci tauraruwa mai wutsiya ce. Lissafin masana ya tabbatar duniya ce da ke kewaya rana a bayan Zuhal, wadda daga baya aka raɗa wa suna Uranus. Ita ce duniya ta farko da aka gano da na'ura, kuma madubin da ya nuna ta bai wuce inci 6 da ɗoriya ba.

A 1782 Sarki George na Uku ya yanka masa albashin fam 200 a shekara, ya ajiye kiɗa ya duƙufa kan nazari. Ya kammala na'ura mai tsawon ƙafa 40 a garin Slough a 1789, kuma a 1800 ya gano haske mai ɗauke da zafi wanda ido ba ya gani.

Herschel ya rasu ranar 25 ga Agusta, 1822. Gidan da ya zauna a Bath yanzu gidan tarihi ne, kuma ɗakin da yake zubin madubai na nan ana ziyartarsa.