Bishop Ajayi Crowther, bawan da aka musanya da doki

Mu da muke zagaya kasuwanni mun san kuɗin doki. To, da doki guda aka taɓa musanya yaro Ajayi, bayan an kama shi a Osogun, ƙasar Yarabawa, a 1821. Jirgin yaƙin Ingila ya ƙwato shi daga hannun 'yan Fotugal a 1822, aka sauke shi a Saliyo, inda ya yi karatu, aka yi masa baftisma da sunan Samuel Crowther.

A 1864 ya zama baƙar fata na farko da cocin Angilika ta naɗa bishop. Linjila ta koyar cewa babba shi ne mai yi wa sauran hidima, haka kuwa ya riƙe muƙamin. Ya yi ta hawa da sauka a kogin Kwara, yana zama da sarakunan Musulmi cikin mutunci. Har Etsu Nupe Maliki ya aika masa saƙo ya taimaka a hana fataken Turawa shigo da barasa. Jama'a, ku dubi wannan yarda!

Ƙarshensa da ɗaci. A 1890, a taron kwamitin da yake shugabanta a Anaca, wasu samarin Turawan mishan suka dakatar da fastocinsa a gabansa, har da ɗansa. Dattijon ya bar musu kujerar kwamitin, amma bai fice daga cocin ba. Ya rasu a Legas ran 31 ga Disamba, 1891.