Kahal, Yaron da Ya Gagari Malamai

Ran nan da muka fita gwajin koyarwa na kama wani yaro yana zane a littafin lissafi, na tsala masa bulala, na ƙwace littafin. Da dare sai Santiyago Ramon Kahal ya faɗo mini a rai.

An haife shi a ƙasar Sifen cikin 1852. Ubansa likita ne, shi kuwa ba abin da ya sa gaba sai zane da ƙiriniya. Yana da shekara 11 ya ƙera igwa, ya fasa ƙofar maƙwabci, aka kulle shi. Da uban ya gaji, sai ya kai shi koyon wanzanci, sa'an nan dukanci. Daga baya dai ya zama likita.

To, zanen nan shi ya fisshe shi. Ya riƙa duban ƙwaƙwalwa da madubin likita, yana zana ƙwayoyinta ɗaya ɗaya. Ku ɗaga ido ku dubi rufin ɗaki. Tsoka shida ke juya kowane ido, jijiyoyi uku ke ba su umurni, biyu daga tsakiyar ƙwaƙwalwa suke fitowa. A nan akwai wani ɗan gungun ƙwayoyi mai sunan Kahal, shi ke riƙe ido in an dubi sama ko ƙasa. In ya lalace, ido ya dinga zamewa, kai ya karkace.

Cikin 1906 aka ba shi lambar Nobel tare da Golgi, mutumin Italiya. Ya rasu a Madrid cikin 1934.

Da safe na mayar wa yaron littafinsa. Doki ne ya zana, har da linzami.