Aurelio Peccei, mai masana'antu da ya kafa Ƙungiyar Roma

An haifi Aurelio Peccei a birnin Turin na ƙasar Italiya ran 4 ga watan Yuli na shekara ta 1908. Ya yi karatun tattalin arziki a jami'ar birnin, ya gama a 1930, sa'annan ya kama aiki a kamfanin motoci na Fiat, wanda ya tura shi ƙasar Sin. Lokacin yaƙin duniya na biyu ya shiga cikin masu yaƙar mulkin ƴan fasist a ɓoye. A 1944 aka kama shi, ya yi wata 11 a kurkuku, aka gana masa azaba. Bayan yaƙi ya shugabanci ayyukan Fiat a ƙasar Ajantina, kuma a 1964 aka ɗora masa jagorancin kamfanin Olivetti.

Mutum mai irin wannan matsayi yakan tsufa yana lissafin riba. Shi kuwa Peccei, yawon da ya yi cikin ƙasashe matalauta da masu arziki ya sa masa wata damuwa dabam. Ya lura kowace gwamnati ta raba wahalolinta ga ma'aikatu: noma na wannan minista, lafiya na wancan, masana'antu na wani, alhali wahalolin da kansu ba su san wannan rabo ba. In jama'a ta ƙaru, sai an faɗaɗa gonaki. Faɗaɗa gonaki ya cinye daji da makiyaya. Ƙasa ta gaji, amfani ya ragu, mutanen karkara su kwararo birni neman abinci. Wanda ya yi maganin guda ɗaya ya ƙyale sauran, sau da yawa ya tura cutar ne gidan maƙwabci. A ganinsa shugaba mai riƙon amana ne, kuma cikin masu amanar har da waɗanda ba a haifa ba tukuna.

A watan Afrilu na 1968, shi da wani masanin kimiyya ɗan Ekos mai suna Alexander King suka tara mutum wajen 30 a birnin Roma. Taron bai yi armashi ba, an watse ba a daidaita ba. Ƴan kaɗan da suka rage su ne suka kafa Ƙungiyar Roma, suka ƙayyade kada mambobinta su wuce 100.

A 1970 Jay Forrester, malami a makarantar fasaha ta MIT a Amurka, ya ba da shawarar a sa al'amarin cikin na'ura mai ƙwaƙwalwa. Matasan masana, cikinsu har da Dennis Meadows da Donella Meadows, suka ɗauki abu biyar: yawan jama'a, abinci, masana'antu, ƙazantar muhalli, da ma'adinan da ba su sabuntuwa. Suka lissafa yadda kowane yake tura ɗan'uwansa. Abin da ya fi muhimmanci cikin lissafin shi ne jinkiri. Ɓarnar da aka yi yau ba ta bayyana sai bayan shekaru, kamar rijiyar da ake ɗiba fiye da ɓuɓɓugarta: guga na fitowa cike har ranar da zai taɓo laka. Sakamakon ya fito a 1972 cikin littafin The Limits to Growth, wato iyakokin bunƙasa. Ya nuna in aka ci gaba bisa tafarkin da ake kai ba canji, za a ci karo da iyakar abin da duniya ke iya ɗauka cikin shekara 100, amma ana iya kauce wa haka in an gyara da wuri. Da aka juya shi cikin faransanci sai aka sa masa suna Halte à la croissance ?, wanda ke nufin a tsai da bunƙasa, kuma wannan suna ya fi maganar littafin zafi.

Suka ta zo daga kowane gefe. Masana tattalin arziki suka ce an raina dabarar ɗan Adam. Suka mafi nauyi ta fito daga ƙasashe masu tasowa, musamman masanan cibiyar Bariloche ta Ajantina: lissafin ya haɗa mai ƙoshi da mai yunwa cikin ƙwarya ɗaya, kamar dai laifinsu daidai ne. A nan suna da gaskiya, domin a shekarun nan ne fari yake kashe dabbobi da mutane a yankin Sahel, inda babu masana'antun da za a ce a rage. Peccei bai toshe kunne ba. Rahoto na biyu, na 1974, ya raba duniya yanki 10, na 1976 kuma, ƙarƙashin Jan Tinbergen, ya duƙufa kan gyaran dangantaka tsakanin ƙasashe masu arziki da matalauta. A 1974 ɗin ya tara wasu shugabanni a Salzburg ta ƙasar Otirish don su tattauna ba tare da ƙa'idodin taron gwamnati ba, cikinsu har da Léopold Sédar Senghor na Senegal da Olof Palme na Suwidin.

Bai taɓa riƙe kujerar minista ba, bai kuma nemi zaɓe ba. Ya rasu a Roma ran 14 ga watan Maris na 1984 yana da shekara 75, Alexander King ya gaje shi a shugabancin ƙungiyar.