Kato Dattijo: Ya Share Sunayen Janar-Janar, Ya Bar na Giwa

Markus Porsiyus Kato, wanda ake kira Kato Dattijo don a bambanta shi da tattaɓa-kunnensa mai suna irin nasa, an haife shi a garin Tuskulum kusa da birnin Rum a shekara ta 234 kafin haihuwar Annabi Isa (AS). Ɗan manomi ne, babu wani a gidansu da ya taɓa riƙe babban muƙami a Rum. Yana saurayi ya shiga yaƙin da aka yi da Hanibal na Kartej, daga nan ya yi ta hawa mataki-mataki har ya zama kwansul a 195, muƙami mafi girma a jamhuriyar, ya kuma ja runduna zuwa Sifen. A 184 aka zaɓe shi sensa, wato mai ƙidayar jama'a da sa ido kan ɗabi'un manya. To a nan fa mutane suka ji jiki. Ya kori wasu daga majalisar dattawa, ya ɗora haraji mai nauyi kan kayan ado da na alatu. Maƙiyansa sun maka shi a kotu fiye da sau 40, kuma ko sau ɗaya ba a same shi da laifi ba.

Da girma ya zo masa sai ya zauna rubuta tarihi. Kafin shi, Rumawan da suka rubuta tarihin garinsu, irin su Fabiyus Piktor, da Girkanci suka rubuta, don shi ne harshen masu ilimi a lokacin. Kato ya ce atafau da Latin zai rubuta, harshen da ake ciniki da shi a kasuwa. Littafin, Origines, ma'ana Tushe, juzu'i 7 ne. Na farko kan sarakunan Rum na da, na biyu da na uku kan asalin sauran garuruwan Italiya, ragowar kuma kan yaƙe-yaƙe tun daga karon farko da Kartej har zuwa shekarar da ya mutu.

Yau littafin babu shi. Abin da ya rage gutsattsari ne da marubutan baya suka kwaso cikin nasu littattafan. Da yawa malaman nahawu ne suka adana su, ba don labarin ya dame su ba, sai don Kato ya yi amfani da wata tsohuwar kalma da suke son kawo misali da ita. Ka ƙaddara littafin tarihi sukutum ya ƙone, abin da ya tsira kawai layukan da malamin harshe ya rubuta a allo.

Duk da haka gutsattsarin sun nuna halin mutumin. Marubuci Nepos ya shaida cewa Kato ya ba da labarin yaƙe-yaƙen ba tare da ambatar sunayen shugabannin runduna ba. Manyan gidajen Rum da sunayen kakanninsu suke taƙama, da su suke neman ƙuri'a, shi kuwa da ba shi da kakan da zai nuna sai ya mayar da nasarar ta jama'ar Rum gaba ɗaya. Amma Filini ya ruwaito cewa ya ambaci sunan giwar da ta fi jarumta a rundunar Kartej, Surus, mai karyayyen haure ɗaya. Janar bai samu shiga ba, giwa ta samu.

Ɗaya daga cikin gutsattsari mafi tsawo yana wajen Aulus Geliyus. Labarin wani hafsa ne a tsibirin Sisili da ya ɗauki soja 400 suka hau wani tudu don su janye hankalin abokan gaba, sauran runduna ta samu ta kuɓuta. Duk aka kashe su, shi kaɗai aka tsinto cikin gawarwaki da sauran numfashi. Kato ya kwatanta shi da Liyonidas na Sparta, yana ƙorafin cewa Girkawa sun cika nasu gwarzon da gumaka da yabo, na Rum kuwa ɗan abin da ya samu bai taka kara ya karya ba.

Sai dai fa kar a ɗauka tawali'u ne zalla. Mutumin da ya share sunayen wasu ya cusa jawaban kansa cikin littafin, har da wanda ya yi a 167 yana kare mutanen tsibirin Rodes. Kuma a littafinsa na noma, wanda shi ya iso mana cikakke, yana ba mai gona shawarar ya sayar da bawan da ya tsufa ko ya kamu da ciwo, a jeri ɗaya da tsofaffin shanu da kayan aikin da suka lalace. Shi ne kuma ya dinga nanata wa majalisa cewa dole a rushe Kartej, ko da maganar da ake yi ba ta shafe ta ba.

A 149, yana da shekara 85, ya tashi ya yi jawabi a kan Sarbiyus Galba, wanda ya yaudari mutanen Lusitaniya suka ajiye makamai sannan ya sa aka karkashe su. Galba ya kawo 'ya'yansa ƙanana gaban jama'a yana kuka, aka ji tausayi, ya sha. Kato ya saka wannan jawabin a juzu'i na bakwai, ya mutu a wannan shekarar. Bayan shekara 3 aka ƙone Kartej ƙurmus.