Alexander Graham Bell: Mai Tarho Da Ya Fita Farautar Harsashi

Duk ɗalibin da ya taɓa zama ajin kimiyya ya san Alexander Graham Bell da ƙirƙirar tarho. Abin da ba a cika gaya mana ba shi ne, yana cikin na farko-farko da suka haɗa na'urar gano ƙarfe, kakar wadda ake shafa mana a ƙofar masallaci da ɗakin jarrabawa. Kuma ranar da ya gwada ta a kan babban aiki, ran shugaban ƙasa ne a kan layi.

An haife shi ranar 3 ga Maris, 1847 a birnin Edinburgh na ƙasar Sukotland. Mahaifinsa malamin koyar da furuci ne, mahaifiyarsa kuma ba ta ji sosai, don haka tun yana yaro hankalinsa ya tafi kan sauti. Tarin fuka ya kashe 'yan uwansa maza biyu, sai iyalin suka ƙaura Kanada a 1870. Shekara guda bayan nan ya tsallaka Boston ta Amurka yana koyar da kurame. A can ya haɗu da Mabel Hubbard, ɗalibarsa kurma, wadda ya aura a 1877. Takardar mallakar tarho kuwa ya karɓe ta ranar 7 ga Maris, 1876, yana ɗan shekara 29.

Ranar 2 ga Yuli, 1881, wani mai suna Charles Guiteau ya harbi shugaban Amurka James Garfield a tashar jirgin ƙasa ta Washington. Harsashi ɗaya ya shiga ta baya ya ɓace a cikin jiki. Lokacin babu hoton ƙashi, wannan sai 1895 aka gano shi. Likitoci suka dinga zura yatsu da ƙarafa cikin raunin ba tare da wankewa ba, suna lalube.

Bell ya tuna cewa ƙarfe yakan dagula sautin wayar tarho idan ya kusance ta, kuma David Hughes ya riga ya yi aiki a kan haka a Ingila a 1879. Dabarar mai sauƙi ce, 'yan sashen lantarki za su gane ta nan take. Naɗin waya biyu ne, wato koyil. Ɗaya ana tura masa wuta mai katsewa yana fitar da maganaɗisu, ɗayan an haɗa shi da kan tarho. Sai a daidaita zamansu har kan tarhon ya yi tsit. Da ƙarfe ya matso, daidaiton ya lalace, sai ka ji ƙara a kunne.

Matsalar ita ce nisa. Dalma ba ta ɗaukar wuta kamar tagulla ko azurfa, ga harsashi ƙanƙani. Shi da mataimakinsa Charles Tainter suka kwana suka yini suna sauya girman naɗin da yawan zagayen wayar. Suka gwada da harsashin da aka cusa cikin tsokar nama, suka gwada a jikin tsofaffin sojojin yaƙin basasa masu yawo da dalma a jiki. Daga kusan inci biyu suka kai na'urar tana jiyo harsashi daga kusan inci biyar.

Gwajin farko a fadar White House, ranar 26 ga Yuli, bai yi ba, saboda an haɗa wani sashe na na'urar ba daidai ba. Ya koma ranar 1 ga Agusta. A nan abubuwa biyu suka haɗu suka ɓata aikin. Babban likitan, Willard Bliss, ya kafe cewa harsashin yana ɓangaren dama, kuma nan kaɗai ya yarda a duba. Sannan ƙarar da Bell ya ji ba a wuri ɗaya take ba, ta bazu a fili mai faɗi. Sai daga baya ya samu labarin cewa gadon da shugaban ke kwance yana da sifirin na ƙarfe a ƙarƙashin katifa. Ashe na'urar ba ƙarya ta yi ba, ƙarfe ta ji, amma ba wanda ake nema ba.

Garfield ya rasu ranar 19 ga Satumba. Da aka yi binciken gawa, sai ga harsashin a ɓangaren hagu, inda ba a bari an duba ba. Masana da yawa na ganin ƙwayoyin cutar da aka shigar masa ne suka ƙarasa shi. Shi ma Bell bai fita lafiya daga wannan damina ba: a watan Agustan nan Mabel ta haifi ɗa namiji bakwaini, ya koma a ranar.

Abin da ya ci Bell har yau shi ke cin masu wannan sana'a. Tun 2014 da zinariya ta fashe a Djado ta arewacin Nijar, matasanmu da dama sun san injin neman zinariya, wasu ma gona suka sayar suka saya. Babban koyil yana ji da zurfi, amma ba ya nuna daidai wurin, sai ka haƙa rami gaba guda a kan abin da bai kai ƙwayar gero ba. Ƙarami yana nuna wuri cif, amma zurfinsa kaɗan ne. Mai zobe cikin zobe ƙarfinsa na tsakiya, shi ya fi sauƙin nuna wuri. Mai siffar D biyu ya fi jure ƙasa mai ma'adinai, amma sai ka shara ta nan, ka juya ka shara a gicciye, inda layukan suka haɗu nan abin yake. Mu 'yan yankin Doguwa da muka tashi da labarin haƙar kuza a Riruwai mun san ƙasa ba fanko ba ce. Jar marmara mai tama a ciki tana iya sa inji ihu babu komai, ita ce gadon Garfield ɗin mai haƙa. Shi ya sa ake fara daidaita injin da ƙasar wurin kafin a taka ko'ina.

Bell ya ci gaba da gyara na'urarsa bayan mutuwar shugaban, ya kuma shiga binciken jirgin sama da jirgin ruwa mai gudu. Ya rasu ranar 2 ga Agusta, 1922 a gidansa da ke Nova Scotia ta Kanada, yana da shekara 75. Ranar jana'izarsa an tsayar da layukan tarho na Amurka da Kanada na minti ɗaya.

'Yan uwa masu fama da furojet, mita ko wata na'ura za ta ba ka lamba ko ƙara, amma ba za ta gaya maka abin da ta ji ba. Kafin ka rubuta sakamako, leƙa ƙarƙashin gadon, kuma ka auna ɓangaren da aka ce maka babu komai.