Labarin Baeyer, Bajamushen da Ya Gano Asirin Shuni

Ya ku malamai da fatake, duk wanda ya taɓa cinikin ɗan Kura a Fagge ya san yana barin shuɗi a hannu. Mutumin da ya buɗe ƙofar sanin dalili shi ne Adolf Baeyer.

An haife shi a Barlin, ƙasar Jamus, ran 31 ga Oktoba, 1835. Ubansa janar ne na soja, masanin awon ƙasa. Yana ɗan shekara 13 ya sayi curin shuni da kuɗin da aka ba shi kyauta, don ya gwada shi. Da ya girma ya yi almajiranci wurin Kekulé, shehin kimiyya. Shi ne ya koyar da cewa kowace zarra tana da adadin hannuwan da take kama 'yan'uwanta da su, kuma halin abu bai tsaya ga irin zarrar da ke cikinsa ba, har da yadda suka riƙe juna.

Cikin 1865 Baeyer ya fuskanci shuni sosai. Ya farfasa shi gunduwa-gunduwa, sa'an nan ya shiga mayar da shi. Cikin 1880 ya haɗa shi ba da ganyen baba ba, cikin 1883 kuwa ya zana gininsa, bayan shekara 18. Ƙwayar shuni zarra 30 ce: kabon, wato asalin gawayi, 16, haidirojin 10, naitirojin 2, oksijin 2. Rabi biyu ne masu kama da juna, an ɗaure su a tsakiya da ɗauri biyu, a shimfiɗe kamar faifai.

Da wannan zane, da abin da na bayansa suka ƙara, aka fahimci aikin karofi. Ƙwayoyin shuni suna riƙe junansu tam, saboda haka ruwa ba ya narkar da su. In marini ya zuba toka ya bar rami ya ruɓa kwanaki, sai ginin ya sauya, shuni ya narke, launinsa ya koma tsanwa-tsanwa, ya ratsa zare. Da an tsamo tufa iska ta buge ta, sai ya koma gininsa na farko, ya yi shuɗi, ya maƙale. Amma bai ƙulla da auduga ba, zaman baƙo yake yi cikinta, shi ya sa turkuɗi ke rina fatar Buzaye. Marinan Ƙofar Mata sun daɗe da ƙwarewa a aikin tun ba a haifi Baeyer ba. Lissafin ne nasa.

Hanyarsa ta yi tsada, ba ta kasuwa ba ce. Sai 1897 kamfanin BASF ya fitar da shunin masana'anta ta wata hanya mai araha, manoman baba na Indiya suka fara kwana ciki. Jirgin ƙasa ya iso Kano cikin 1911, daga baya shunin kanti da galura suka samu shiga kantunan Fagge da kasuwar Sabon Gari, mai gonar baba a nan ma ya ji a jikinsa.

An ba Baeyer lambar Nobel cikin 1905. Ya yi shekara 40 yana karantarwa a Munik. Ya mutu a Starnberg ran 20 ga Agusta, 1917, yana da shekara 81.